Idan majiyyaci ya ce "marata ke ciwo", wace gaɓa ake nufi?

Ɗalibi daga Jega:
Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka da tsarin gaɓoɓin da ke ƙasan cibiya, na mace da na namiji, yadda za a yi wa majiyyaci bayani da Hausa ya gane.

Ungozoma, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fara daga gaba ka yi baya. Bayan ƙashin mara akwai mafitsara, bayanta mahaifa da farji, sai dubura can baya. Dama da hagu na mahaifa akwai gidan ƙwai da bututun da ƙwan ke bi. Riƙe wannan jerin, don shi ke bayyana yoyon fitsari: idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya danne mafitsara da ƙashin, naman wurin ya rasa jini, bayan kwanaki ya huje. Irin matan da ake yi wa gyara a asibitin masu yoyon fitsari na Gesse, a nan Birnin Kebbi, ke nan.

Hanyar fitsarin mace kusan santimita 4 ce kawai, ta namiji kusan 20, shi ya sa sanyin fitsari ya fi kama mata. Kuma macen da al'adarta ta yi jinkiri, ga ciwo gefe guda, ga jiri, a gwada ciki nan take. Yana iya zama a bututu ya zauna, kuma idan ya fashe jini a ciki yake zuba, ba a gani.

Malamin jinya, Argungu:
Hajiya ta gama da mata. Ga namiji, ƙarƙashin mafitsara akwai furostet, girmanta kamar ɗan goro, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarta. Ba ita ce mafitsara ba, ko da yake ana yawan haɗa su. Bayan shekara 50 takan ƙara girma, fitsari ya riƙa fita da yunƙuri, dattijo ya yi ta tashi cikin dare.

Kumburin matsematsi da ke komawa idan an kwanta ƙaba ce, hanji ne ke leƙowa. Gwaiwa ta ruwa ba ta komawa. Amma yaron da maraina suka murɗe masa farat ɗaya, har da amai, tiyata yake so cikin awa 6.

Jami'in lafiya, Yawuri:
A wajenmu bakin kogi, yaro mai jini a ƙarshen fitsari, a fara duba tsargiya.