Ta yaya ake gane mai binciken da ya yi tasiri na gaske a likitancin sabunta sassan jiki?

Ɗalibar likitanci, Birni

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a shekara ta huɗu ta koyon likitanci a nan Damagaram, kuma tambayar da na kawo daga gida ta taso. Kawuna yana da yaro ɗan shekara 9 mai fama da amosanin jini, wanda muka fi sani da emasi, kuma a makon jiya wani abokin kasuwancinsa ya turo masa saƙo ta WhatsApp game da wani likita a wata ƙasar waje da aka ce yana warkar da wannan ciwo, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki, duk da allurar ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin jiki na asali da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyi. A cikin saƙon an jera lambobin yabon da aka ba shi, an ce ya wallafa ɗaruruwan maƙaloli, an kuma ce sunansa yana cikin kashi 2 cikin 100 na manyan masana kimiyya na duniya. Kawu har ya fara zancen sayar da filinsa. Da ya tambaye ni ra'ayina, kasancewar ni ake kira likitar gida tun kafin in gama karatu, sai na rasa abin da zan ce, domin ban san da wane awo zan auna mutumin ba.

Tambayata ita ce: da me masana suke gane cewa mai bincike ya yi tasiri na gaske a wannan fanni na sabunta sassan jikin da suka lalace? Shin yawan maƙaloli da lambobin yabo sun isa shaida?

Malamin jami'a, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba yaron lafiya. Alƙaluman da aka jera miki ba ƙarya ba ne a karan kansu, sai dai dole ne ki san abin da kowannensu yake aunawa. Idan mai bincike ya wallafa maƙala, wasu masu binciken sukan ambace ta a matsayin hujja a cikin nasu rubutun, kuma wannan ambato shi ake ƙirgawa. A 2005 wani masanin kimiyyar lissafi da ƙarfin halitta a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya kawo awon da ake kira ma'aunin h: idan aka ce na mutum 30 ne, ana nufin yana da maƙaloli 30 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Jerin kashi 2 cikin 100 kuwa aikin John Ioannidis ne na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa, kuma an gina shi ne a kan ƙidayar ambato ta rumbun Scopus. Jerin yana ɗauke da sunaye fiye da dubu ɗari daga dukkan fannonin ilimi, saboda haka mutum zai iya shiga cikinsa da binciken da ba shi da alaƙa ko kaɗan da maganin da yake sayarwa.

Ni abin da nake dubawa kafin komai shi ne ko wasu, waɗanda ba almajiransa ba ne kuma ba abokan cin tuwonsa ba, sun iya maimaita abin da ya ce ya gano. Dubi Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto. A 2006, shi da Kazutoshi Takahashi sun fara da ƙwayoyin gado 24, suka yi ta tacewa har suka tsaya a kan 4 waɗanda, idan aka cusa su a cikin ƙwayar jikin ɓera wadda ta riga ta balaga, sai ta koma halinta na farko, ta yadda za a iya sarrafa ta ta zama ta jijiya ko ta tsokar zuciya ko wani abu daban. Magana ce mai wuyar gaskatawa, amma cikin shekara guda wasu ɗakunan bincike a Amurka suka yi gwajin ya yi musu, kuma a Nuwamba 2007 Yamanaka da James Thomson na Wisconsin, kowa da nasa ayarin, suka nuna hakan a ƙwayoyin ɗan Adam. A yau ana amfani da dabarar a ɗakunan bincike a faɗin duniya. An ba shi kyautar Nobel a 2012 tare da John Gurdon na Ingila, wanda tun 1962 ya nuna da ƙwan kwaɗo cewa ƙwayar da ta balaga ba ta rasa cikakken bayanin gadon da ke cikinta ba. Ki lura, shekara 50 Gurdon ya jira. Magabatanmu sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma a wannan fanni maganar tasu ta zauna daidai.

Akwai ma waɗanda lambar ba ta taɓa zuwa musu ba. James Till da Ernest McCulloch na Toronto su ne suka tabbatar da samuwar ƙwayoyin tushe a cikin ɓargo a farkon shekarun 1960, ba su sami Nobel ba, amma duk wanda ke aikin dashen ɓargo a kan harsashinsu yake tsaye.

Likitar yara

Allah ya gafarta Malam, na yarda da bayaninka, sai dai ina so in ƙara wani abu da nake ganin ya fi ambato da maimaici nauyi ga mu da muke tsaye a gefen gadon majiyyaci. Ƙanwata, ki tambaya: ina mutanen da aka yi wa aikin suke a yau?

Wannan fanni, saboda yana ɗauke da begen waɗanda aka ce ciwonsu ba shi da magani, ya fi sauran fannoni jawo masu ruɗi, kuma manyan abin kunyarsa sun fito ne daga mutanen da suka fi kowa lambobin yabo. Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya wallafa maƙaloli biyu a mujallar Science a 2004 da 2005, yana cewa ya samar da ƙwayoyin tushe daga kwafin ƙwan ɗan Adam. Gwamnatin ƙasarsa ta ba shi muƙamin babban masani, har aka buga kan sarki don girmama aikinsa, sannan a farkon 2006 aka janye maƙalolin bayan an tabbatar da cewa bayanan ƙirƙirarru ne. A Janairun 2014 mujallar Nature ta buga aikin Haruko Obokata ta cibiyar RIKEN a Japan, wanda ya ce tsoma ƙwayoyi a ruwa mai ɗan tsami ya isa ya mayar da su ƙwayoyin tushe. Aka yi ta gwadawa a ko'ina bai yi ba, aka janye shi a watan Yuli na shekarar. A nan awon Malam ya yi aiki, domin rashin maimaici ne ya tona asiri.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne Paolo Macchiarini, likitan tiyata ɗan Italiya da ya yi aiki a Karolinska ta ƙasar Suwidin, wato cibiyar da ke zaɓen wanda za a ba Nobel ɗin likitanci. Daga 2011 ya riƙa dasa wa mutane maƙogwaron roba da aka shafe da ƙwayoyin ɓargonsu, mujallar Lancet ta buga rahoton a matsayin nasara, jaridu suka ɗauka. Majiyyata uku da ya yi wa aikin a wannan asibiti duk sun rasu daga baya. Abokan aikinsa likitoci huɗu ne suka koma ga takardun jinyar, suka ga abin da ke ciki ya saɓa wa abin da aka wallafa, suka kai ƙara a 2014, kuma a 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara a Suwidin ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi. A shekarun da yake tashe, da an duba yawan ambatonsa da an ce gwani ne.

Ki kwatanta shi da Howard Green, wanda a 1975 shi da James Rheinwald suka gano yadda ake raino ƙwayoyin fatar mutum a ɗakin bincike har su zama shimfiɗa. A farkon shekarun 1980 aka ceto wasu yara biyu ƴan uwan juna a Amurka da wuta ta ƙone musu fiye da kashi 90 cikin 100 na jiki, da fatar da aka raino daga ɗan abin da ya rage musu. Shi ma bai sami Nobel ba.

Game da ɗan kawunki, dashen ɓargo hanya ce tabbatacciya ta warkar da emasi, amma aiki ne babba: sai an sami mai bayarwa wanda jininsa ya dace, galibi ɗan uwa shaƙiƙi, wanda damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu, sai an kashe ɓargon yaron da magunguna masu ƙarfi, sai ya yi makonni a killace, kuma akwai haɗarin rasa rai. Maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 yana gyara ƙwayoyin majiyyacin ne da kansa, kuma farashinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Duk wanda ya ce allura guda tana maganin emasi da suga da shanyewar jiki a lokaci ɗaya, ba ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi yake nufi ba.

Ma'aikacin ɗakin karatu

Ƴar uwa, a taƙaice, ga abin da za ki iya yi da wayarki yau da dare. Ki rubuta sunan mutumin a PubMed, wato rumbun maƙalolin likitanci na intanet, ki ga ko maƙalolinsa a kan emasi suke ko a kan wani abu daban, da kuma mujallun da suka buga su, domin akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga ko mene ne. Ki duba shafin Retraction Watch ko an taɓa janye masa wani aiki. Idan ya ce an yi rajistar gwajinsa a ClinicalTrials.gov, ki sani cewa rajista ba amincewar hukuma ba ce. Sakamakon da aka wallafa shi ne abin nema. Lambobin yabon ma ki bi asalinsu, don wasu ana sayensu ne kamar yadda ake sayen kujera a wurin biki.

Malamin jami'a, Sabon Gari

Hajiya likita ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyaran. Abin da zan ƙara ya shafe mu ne mu malaman wannan yanki. Ƙarin girmanmu yana bi ta hukumar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda aka yanke shawarar kafa ta a taron shugabanni a Yamai a 1968, take kuma da mazauni a Wagadugu, kuma duk wanda ya taɓa haɗa takardunsa don zuwa gabanta ya san yadda ake ƙirga maƙaloli ɗaya bayan ɗaya. Ba na raina wannan tsari, domin ya kare mu daga naɗin son rai, amma ƙidaya tana koya wa matashi ya yanyanka bincike guda gida uku. Ba mu kaɗai muke kukan ba: tun 2012 wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Francisco da ake kira DORA, wadda ke neman a daina auna mutum da darajar mujallar da ta buga aikinsa, a riƙa karanta aikin kansa.

Akwai kuma tasirin da Scopus ba ya gani sosai. A 2011 Nosakhare Bazuaye da ayarinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin suka yi dashen ƙwayoyin tushe na farko ga mai emasi a Najeriya. Ba su ƙirƙiro dabarar ba, domin Donnall Thomas ya riga ya karɓi Nobel a kan dashen ɓargo tun 1990, amma sun nuna cewa ana iya yin aikin a yankinmu, inda ciwon ya fi yawa. A tsangaya ana gane malami da almajiran da ya yaye, waɗanda suka tafi suka kafa nasu makarantun, kuma idan ni ne a kan kujerar tantancewa, sai na tambayi mai bincike likitoci nawa ya horar da suke iya aikin ba tare da yana tsaye a kansu ba.

Ɗalibar likitanci, Birni

Na gode ƙwarai, Malam, da Yaya likita, da ɗan uwa na ɗakin karatu. Na bi matakan kamar yadda aka tsara mini. Maƙalolin da na samu da sunan mutumin kusan duk a kan gwajin dabbobi suke, ban ga ko ɗaya da ta ba da rahoton yaran da aka yi wa magani aka kuma bibiye su shekara da shekaru ba, kuma ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka ba shi lamba tana da takardar neman shiga da kuɗin rajista a shafinta. Na karanta wa Kawu labarin likitan Karolinska bayan sallar isha'i, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a dakatar da maganar filin. Mun shirya ranar Litinin za mu kai yaron wurin likitan da ke duba shi, mu tambaya ko maganin hydroxyurea ya dace da shi. Yaya likita, idan da hali, ina so ki bayyana mini irin gwajin da ake yi wa ƴan uwan yaro don a san wanda ɓargonsa ya dace, domin yana da yayye uku uwa ɗaya uba ɗaya.