Sada zai tafi Bradford: a canza kuɗin yanzu ko a jira?

Sada Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Allah Ya nufa na samu gurbin digiri na biyu a Bradford ta ƙasar Ingila, watan Satumba za a fara in sha Allahu. Baba ya saida filinshi na hanyar Dutsinma, kuɗin na nan zaune cikin asusunshi a naira. Kafin alƙalami na riga na biya makaranta, saura cikon da kuma abin da za a nuna ma ofishin biza. Abin da ya ɗaure mani kai shi ne, mu canza su tun yanzu ko mu jira fam ya sauka? Ta wace hanya ake biyan makaranta ba tare da an sha wuya ba? In na sauka kuma, nawa ya kamata in riƙe a hannu?

Abba Ɗan Daura: Barka ƙanena, Allah Ya sa albarka. In ka tashi dawowa dai ka tuna lambar takalmina 43 ce.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Sada, bari in fara da maganar jira, tunda ita ce ke kada mutane. Ina zaune bayan kanta a banki lokacin da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023. Kafin nan dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Iyayen da suka tanadi kuɗin shekara guda a naira sai suka wayi gari bai kai na zango ɗaya ba. Ka ji labarin ɗaliban Najeriya na jami'ar Teesside ta Ingila a 2024, waɗanda aka dakatar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta kan lokaci. Ba sakaci suka yi ba, kuɗinsu ne ya narke a hannu. Ni ba boka ba ne da zan ce maka fam zai hau ko zai sauka. Abin da na sani, da fam ake bin ka bashi, kai kuma naira ka riƙe. Ka biya duk abin da za ka iya na makaranta tun yanzu, domin abin da ka biya ana rubuta shi cikin takardar CAS, wato shaidar gurbi da makaranta ke ba ka don neman biza, sai a cire shi daga abin da za ka nuna.

Sada Ƙofar Ƙaura: Yaya, da Fom A zan biya ke nan?

Baban Khalifa: Ɗaya daga cikin hanyoyin ke nan, fom ne na neman canji don biyan makaranta a waje. Ana cika shi a shafin Babban Banki na intanet, ka zaɓi bankinka, ka ɗora takardar gurbin karatu, takardar lissafin kuɗi daga makaranta, fasfo da shaidar digirinka na farko. Banki ne ke tura kuɗin kai tsaye asusun makaranta, ba a miƙa maka ko fam ɗaya. A da daɗinshi rahusa ce, shi ya sa ake kwana a layi. Tunda aka haɗe farashi rahusar ta zama ba wani abin a zo a gani ba, amma yana barin takarda mai kyau. Ɗaya hanyar, ka duba shafin biyan kuɗi na makarantarku, yawancinsu suna karɓa ta Flywire ko Convera. Ka tambayi farashin duka biyun a rana ɗaya, ka haɗa da cajinsu, sannan ka zaɓa. Kuma ka buɗe asusun dom, wato na ajiyar kuɗin waje, da sunanka kafin ka tashi.

Alhaji Mamman Daura: Ku ma'aikatan banki kullum takarda. Ni ɗana na Alƙahira yana karatun likita, tun kafin gwamnatin Dikko Raɗɗa ta fara tura nata yaran can, ban taɓa cika wani fom ba. Ina da mutum a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, in na tura mashi naira da hantsi, kafin la'asar yaro ya karɓi kuɗinshi a can. Haka muke canza saifa a Kongolam, bakin iyakar Nijar, tun muna samari, amana ce ke riƙe da kasuwa.

Anti Rabi Leeds: Ranka ya daɗe Alhaji, Masar daban, Ingila daban. A nan banki ba ya tambayar amana, asalin kuɗi yake tambaya. Sada, ka saurare ni da kyau a kan wannan, don shi ne ya fi cin yaranmu. Za ka samu zauruka na 'yan Najeriya ana ta cewa "ina da fam, wa ke da naira?" Farashinsu ya ɗan fi na manhajojin tura kuɗi daɗi. Kai ka tura naira a gida, wani da ba ka taɓa gani ba ya jefo maka fam a nan. In aka yi rashin sa'a kuɗin nan na damfara ne, asusunka za a rufe, ba na wanda ya haɗa ku ba. Kuma suna iya sa maka tambarin Cifas, wato alamar zargin damfara da bankuna ke dubawa, wanda ke iya kai shekara shida, duk bankin da ka je sai ya ƙi ka. Yaya za ka karɓi albashi ko ka biya haya? Na san wata yarinya da aka yi ma haka saboda ribar da ba ta kai kuɗin cefanen sati ba. Araha ba ta ado.

Alhaji Mamman Daura: To ai ni mutumina sananne ne, Hajiya.

Anti Rabi Leeds: Kai ka san shi, Alhaji. Wanda zai tura fam ɗin daga Manchester fa, wa ya san shi?

Malam Lawal Sabuwar Unguwa: In ƙara da ɗan abin da ya shafi shari'a. Canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinshi hannu da hannu ne, a gama a zama ɗaya. Naira da fam jinsi biyu ne, don haka bambancin farashi ba laifi, jinkirin ne matsala. Irin "turo naira yau, fam sai jibi" a kiyaye shi. Sannan in ka je buɗe asusu a can, ka nemi na yau da kullum wanda ba ya ba da ruwa, kuma kar ka karɓi damar cin bashi da suke liƙa ma asusun ɗalibai. Akwai bankin Musulunci a Ingila, Al Rayan, ga mai son ajiya mai tsawo.

Sada Ƙofar Ƙaura: Allah Ya saka Malam. Anti, maganar kuɗin nuni fa? Wani ya ce mani kawuna na iya aro mani a zuba sati biyu a cire.

Anti Rabi Leeds: Wanda ya faɗa maka haka so yake a hana ka biza. Kwana 28 a jere kuɗin za su yi, ko na awa ɗaya kada su gaza adadin, kuma ranar ƙarshe ta sitetimen ɗin ta kasance cikin kwana 31 kafin ka miƙa takardu. Asusun ko naka, ko na mahaifi ko mahaifiya. Na kawu ba ya yi sai in shi ne mai riƙonka a hukumance. Tunda a asusun Baba suke, ka tanadi takardar haihuwarka da wasiƙar amincewarshi, kuma ku adana takardar cinikin filin. Adadi kuwa, a Janairun 2025 sun maida shi fam 1,136 a wata ga wanda ke wajen Landan, 1,483 ga na Landan, har wata tara. Kaga naka ya kama 10,224 a lissafin wancan lokaci, ban da sauran kuɗin makaranta. Suna ɗaga shi lokaci zuwa lokaci, don haka ka buɗe shafin gov.uk da kanka ranar da za ka fara ƙidaya. In a naira za ku nuna, da farashin ranar da ka miƙa za su auna, ba na ranar da aka zuba ba, shi ya sa ake ɗora rara mai kauri a sama. Ga kuma kuɗin lafiya, fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024. Digirin shekara guda bizarshi ta wuce wata 12, sai su caje ka na shekara ɗaya da rabi, wato 1,164. Gwajin tarin fuka ma sai ka je asibitin da suka amince da shi, irin na Abuja ko Legas, ka sa kuɗin mota da masauki cikin lissafi.

Abba Ɗan Daura: Kai! Wannan ai filin Baba ya tafi tun ba a hau jirgi ba.

Injiniya Kabir Jamus: Shi ya sa nake ce ma ƙannenmu su riƙa leƙa Jamus. Sada ya riga ya yi nisa, amma don masu karantawa a ɓoye: yawancin jami'o'in gwamnati a nan ba kuɗin makaranta, sai ɗan kuɗin zango, in ban da wasu wurare irin jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 kowane zango daga baƙi. Abin da ke tsaye a wuya shi ne asusun kulle. Tun Satumbar 2024 yuro 11,904 ake zubawa, su riƙa sakar maka 992 duk wata. Da farko haushin tsarin nake ji, daga baya na ga shi ya hana ni cinye na watan gobe a yau. Sada, kai ma ka yi ma kanka irin wannan: asusu ɗaya na ajiya, ɗaya na kashewa, ranar ɗaya ga wata ka sakar ma kanka abin da ka yanka.

Dakta Hadiza Layout: Ni abin da ya ba ni wuya a Malesiya ba ringit ba ne, layin wayata na gida ne. Layin da ke haɗe da BVN ɗinka, ka tabbatar an buɗe mashi yawon ƙasashen waje kafin ka tashi, ka gwada manhajar bankinka a wayar da za ka tafi da ita. In ka canza waya a can sai an turo lambar OTP, in layin ya mutu shi ke nan, kana kallon kuɗinka ba ka iya taɓawa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya saida ma wani, alat ɗinka ya riƙa shiga wayar baƙo. Ka riƙa sa mashi kati jefi-jefi. Kuma sunanka na fasfo, na NIN da na banki su zama iri ɗaya, harafi da harafi. Mu nan mutum ɗaya sai ka gan shi Muhammad, Mohammed da Mamman a takardu uku.

Alhaji Mamman Daura: Dakta, da ni kike ko?

Dakta Hadiza Layout: Tuba nake Alhaji, misali ne ya faɗo kanka.

Maman Ilham: Ɗiyata na Khartum lokacin da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Duk kuɗinta na cikin manhaja, intanet ya ɗauke. 'Yan dalolin da na ɗinke mata cikin aljihun jaka su suka fitar da ita har iyakar Masar. Ingila ba Sudan ba ce, amma kati na iya ƙin yi a filin jirgi. Ɗana, ka riƙe tsaba ko yaya.

Baban Khalifa: Gaskiyar Hajiya. Sai dai a san iyaka: abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana ma kwastan kafin fita Najeriya, can ma daga fam 10,000 sai an bayyana. Kai ba ka buƙatar ko kusa da haka. Kana da damar sayen guzurin tafiya na PTA har dala 4,000 a wata uku, kuma a 2024 bankuna suka koma zuba shi a kati maimakon tsaba.

Anti Rabi Leeds: Fam ɗari uku zuwa biyar a aljihu sun isa, kuma ƙananan takardu, masu shago da yawa ba su son takardar 50. Watan farko shi ne mai cin kuɗi: hayar wata, da kuɗin ajiya na mai gida wanda doka ta ce kada ya wuce hayar sati biyar, da bargo, tukunya, layin waya, katin bas. Wanda ba shi da mai tsaya mashi a ƙasar, masu gida kan wahalar da shi, don haka ka fara da masaukin makaranta ko ɗaki a gidan haɗaka wanda wuta da gas ke cikin haya. Lokacin sanyi gas ne ke cinye mutum. Kada ka tura ma kowa kuɗin ɗakin da ba a zagaya da kai ciki ba, ko da ta bidiyo ne kai tsaye. Asusu kuma, Monzo ko Starling ta waya ake buɗewa da zarar kana da adireshi, manyan bankuna irin Lloyds da HSBC sukan nemi wasiƙa daga makaranta. Ka karɓi takardar shaidar ɗalibta ka kai ma ƙaramar hukuma, cikakken ɗalibi ba ya biyan harajin gida. Cefane Aldi da Lidl, nama kuwa Bradford cike take da mahautan halal na 'yan Pakistan, a nan ka huta.

Sada Ƙofar Ƙaura: Ina tunanin cikon kuɗin makaranta in na fara aiki sai in riƙa biya.

Anti Rabi Leeds: A'a fa. Awa 20 aka yarda maka a sati lokacin karatu, ba ƙari, kuma ba ranar da ka sauka ake ɗaukarka ba. Wannan kuɗin ci da haya ne in an lallaɓa. Ga 'yan gida kuma, da sun ga hotonka cikin rigar sanyi za su fara turo lambar asusu. In ka samu yadda kake so ga LemFi, Sendwave da Remitly nan, naira ake biyan mai karɓa, amma zangon farko ka ce ma kowa karatu kake.

Abba Ɗan Daura: Na janye maganar takalmi zuwa zango na biyu. Amma kilishi nan zan haɗa maka leda guda.

Anti Rabi Leeds: Abba, cinye abinka. Nama da madara daga Najeriya ba su shiga Ingila, kilishi, dambun nama, man shanu, duk ƙwacewa za a yi. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji su ne za su yi mashi amfani, a ɗaure daddawar da kyau kada ta cika jirgi. Rigar sanyi kuma kada ka saya a Babbar Kasuwa, ta hunturunmu ba ta san ruwan Yorkshire ba, ka saya can a shagunan gwanjo.

Baban Khalifa: Sada, ku shigo kai da Baba ranar Litinin kafin azahar, da fasfo, takardar haihuwa da ta cinikin filin. Daga yau kada Baba ya taɓa wannan asusun ko don kuɗin taki, a ware mashi na hidimar gona a wani wuri kafin a fara ƙidayar kwana 28.

Alhaji Mamman Daura: Ku je ku cika fom ɗinku. Ni dai in kun ji farashin banki ranar Litinin ku sako shi nan, in kira Wapa mu gwada.