Me za mu kira "pilin" da Hausa?

Jiya na raka ƙanwata wajen gyaran jiki a nan Maraɗi, saura sati uku bikinta. Mai gyaran ta ce a yi mata "pilin". Inna na jin haka ta miƙe ta ja hannun amarya: "Bilicin? Ba dai 'yata ba." Da ƙyar muka zaunar da ita. Tun daga nan nake juya kalmar a raina.

Bilicin hana fata yin baƙinta yake yi. Pilin kuwa matacciyar fatar sama yake kwancewa, wadda dama jiki ke zubarwa da kansa yana sake sabuwa kusan duk sati 4.

Mai gyaran ta ce a kira shi dilka. Na ce a'a Hajiya, dilka murzawa ake da hannu, ita ce ta fi kusa da gomaj, wato goge fata da abu mai ɗan kaushi. Ɓarewa ta gyaɗa ce. Feraya kuwa da wuƙa a cikinta, wa zai miƙa fuskarsa?

Ni saɓa na zaɓa. Maciji yana saɓa, jariri sabon haihuwa ma fatarsa tana saɓa, ba jini ba ciwo, tsohuwa ta tafi sabuwa ta fito. Saɓar fuska ke nan.

Pilin ɗin iri biyu ne, mai anzim da mai asid. Mai anzim, wato sinadarin da ke sa abu ya yi laushi ya narke, mu ce masa saɓar gwanda. Anzim ɗin da aka fi sawa, papayin, daga gwanda ake samunsa, wani kuma daga abarba. Duk wadda ta taɓa naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ta ga yadda yake laushi, ta riga ta gane aikin: matacciyar fatar yake narkarwa a hankali, 'yan mintoci a wanke.

Ɗayan ne ya ba ni wuya. Asid ne marar ƙarfi, glikolik irin na cikin rake, laktik irin na nono mai tsami. Har na rubuta saɓar tsami, sai na goge. Na san mu: gobe wata za ta matse lemun tsami a fuska ta shiga ranar Maraɗi ta ƙone, kuma baƙar fata in ta ƙone tabo baƙi take bari, ya yi watanni bai tafi ba. Gara saɓar magani, don a ji cewa awo gare ta, a hannun wanda ya koya, kuma bayanta sai da man kare rana.

Da na faɗa wa Inna saɓar gwanda, shiru ta yi, can ta ce a fara gwadawa a bayan kunnen yarinyar tukuna.