Sayen gidan haya da bashin banki a Kano: kuɗin haya zai iya biyan bashin?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum. An yi mini tayin wani gida mai sassa huɗu a Rijiyar Zaki a kan naira miliyan 40, abin da ke hannuna kuma miliyan 15 ne. Kowane sashe ana biyan hayarsa naira dubu 600 a shekara. Niyyata in karɓi bashin miliyan 25, in jinginar da gidan, kuɗin haya ya riƙa biyan banki har a gama. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ana cire mini kuɗin asusun gidaje na ƙasa duk wata, don haka ina so in san ko wannan asusun zai yi mini amfani a nan. Waɗanda suka san harkar su taimaka mini da shawara.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Wa'alaikumus salam. Malam, mu fara da lissafi. Hayar gidan gaba ɗaya miliyan 2.4 ce a shekara, wato kashi 6 cikin ɗari na farashinsa, kuma wannan kafin a cire kuɗin gyara da watannin da wani sashe zai zauna babu kowa. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamba na 2024, ya rage shi zuwa 27 a Satumba na 2025, bankunan kasuwanci kuwa da wannan ma'aunin suke duba abin da za su ɗora wa mai karɓar bashi. Ko da an sassauta maka an ba ka a kan kashi 25, kuɗin ruwa kaɗai a shekarar farko zai haura miliyan 6, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Abin da haya ta kasa biya, daga albashinka zai fita.

Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992 kuma Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi, yana ba da bashi a kan kashi 6, ana iya biya har tsawon shekara 30. A wannan sharaɗin miliyan 25 za ta ci kimanin dubu 150 a wata, abin da hayar za ta iya ɗauka. Sai dai an tanadi asusun ne domin gidan da mutum zai zauna a ciki, ba gidan kasuwanci ba. Ana kuma duba ƙarfin albashinka da shekarun da suka rage maka a aiki, kuma sai ka bi ta bankin lamunin gidaje, inda jiran amincewa kan ɗauki lokaci mai tsawo da mai sayar da gida ba lallai ya jure ba.

Dillalin Gidaje:
Abin da Yallabai ya faɗa haka yake, ni kuma zan yi magana a kan kasuwar. Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin naira kasuwa ta yanke darajarta a 2023, siminti da rodi da kwanon rufi suka yi tashin gwauron zabo, buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. Farashin ginannen gida ya bi su nan take, amma haya ba ta iya binsu da wannan saurin, domin albashin 'yan haya bai ninka ba. Mai gidan da ya tsawwala, sai ya wayi gari da bashin haya a wuyan mutane ko da sashe a rufe. Inda nema bai yankewa shi ne ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. Banki ba ya karɓar gida jingina sai da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a jinginar ko a sauya mai shi. Gidaje da yawa a unguwanninmu takardar ciniki kawai suke da ita, da sa hannun mai unguwa da shaidu. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai lauyanka ya bincika a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano, idan kuma gidan gado ne, ka tabbatar duk magada sun yarda.

Hajiyar Kaduna:
Ɗan'uwa, ba wanda ya taɓo batun kuɗin ruwa ta fuskar addini, alhali da yawanmu shi ne farkon abin da ke hana mu. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, yana da tsarin ijara: banki ya sayi gidan tare da kai, kana biyan hayar kasonsa kana kuma sayensa a hankali. Wannan ya kawar da damuwar shari'a, amma kada ka ɗauka araha ne, domin su ma da farashin kuɗi a kasuwa suke lissafin ribarsu.

Ban yarda a ce gidan bai cancanci saye ba saboda hayarsa kaɗan ce. Lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, wanda ya ajiye kuɗinsa a asusu ya yi asara, mai gida kuwa dukiyarsa ta riƙe darajarta. Bashin ne matsalar. Da miliyan 15 za ka iya neman amintattun 'yan'uwa biyu ku haɗa jari, a rubuta kason kowa a gaban lauya da shaidu, ko ka sayi fuloti ka fara da sassa biyu ka ƙara sauran a hankali.

Mai Neman Shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tuntuɓi mai gidan, ya tabbatar mini takardar ciniki kawai gare shi, don haka maganar banki ta tsaya a nan. Zan yi wa yayana maganar haɗin gwiwa. Malam Dillali, idan mun saya, da sunan mutum ɗaya ya kamata mu nemi takardar mallakar, ko ana iya fitar da ita da sunayenmu duka?