Suffix tana da suna, baƙin nan biyu na hopping ne ba su da shi

Malamai 'yan'uwa masu koyar da Turanci a aji uku da aji huɗu, an sake tambaya: me za mu kira suffix, wato ƙarin da ake yi wa kalma a ƙarshenta, da Hausa? Kada mu wahalar da kanmu, masana nahawu sun riga sun gama wannan aiki. Ɗafa-ƙeya ake cewa, prefix kuma ɗafa-goshi, abin da ake ɗafawa a jikinsa saiwa. Da su ake karatu a sassan Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Danfodiyo. Yaro ma ba ya buƙatar dogon bayani, ya san inda ƙeyarsa take.

Nuna masa Kano da Kanawa. Da -awa ta zo, wasalin o ya fita ya ba ta wuri. Haka hope ke zama hoping, make ta zama making: ɗafa-ƙeyar da ta fara da wasali tana korar e ɗin ƙarshe. Wadda ta fara da baƙi kuwa ba ruwanta da shi, shi ya sa hopeful ta riƙe nata. Wannan e da ake rubutawa ba a furtawa, ni beben wasali nake ce masa, yara kuma sun karɓa.

Inda gizo ke saƙar shi ne hop da hopping, big da bigger, plan da planned. Wani malami ya ce mu kira wannan maimaita baƙin ƙarshe shadda, tunda yara sun san ta daga makarantar allo. Ranka ya daɗe, ban yarda ba. Shadda a baki ake jin ta. Mu ma a Hausa haka ne, daba daban, dabba daban, kunne ne ke rabewa. Bature kuwa p ɗaya yake furtawa a hopping. Ka ce wa yaro shadda, zai danne harafin nan da ƙarfi har ya girma a haka.

Tagwaye ma ba za ta yi ba, an saba jin ta a kan wasulan ai da au. Ninki kuma na su tafiye-tafiye ne.

Shawarata mu ce baƙin gadi. Aikinsa ke nan: tsare wasalin da ya zo kafinsa kada sautinsa ya sauya. Cire shi daga hopping, tsalle ya koma fata. Sharaɗin kuma gajere ne: kalma mai gaɓa ɗaya, wasali ɗaya, baƙi ɗaya a ƙarshe, sannan ɗafa-ƙeya ta fara da wasali. Ban da w da x da y, su ba a yi musu gadi, snowing da fixing haka suke.

Saura carry da carried, inda y ke rikiɗa ta zama i amma ta ƙi a carrying. Wannan har yanzu musanya kawai nake cewa, kuma ba ta gamsar da ni ba. Malaman Nijar da ke fama da Faransanci, ku me kuke kiran e ɗinku da ba a furtawa?