Wa ya ba su lambata? Kowa ya kawo nasa labarin

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Jiya ko karyawa ban yi ba wani ya kira ni, wai abokina ya ci bashi a wata manhajar bashi, kuma ni ne mai tsaya masa. Ni ko labarin bashin ban sani ba. Ashe ranar da ya sauke manhajar ya danna amincewa, suka kwashe duk lambobin wayarsa. Wa irin wannan ta taɓa faɗa wa?

Hajiyar Hotoro: Wa'alaikumus salam. Ɗana, kai ka ma ci sa'a, kira kawai aka yi maka. Ƙanwata hotonta suka tura wa uwar mijinta da rubutun wai ɓarauniya ce, a kan naira dubu 15. Ta biya, amma har yau in ana biki a dangin mijin a ɗarare take zuwa.

Mai gyaran waya, Farm Centre: Hajiya, Allah ya kyauta. Tun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotuna, to amma waɗanda ake turo wa mutum ta WhatsApp ya sauke, wa zai hana su? Mu ma fa da namu sakacin. Mutum ya kawo waya sayarwa bai goge komai ba: hotunan iyali, imel a buɗe, har BVN a rubuce. Wani na saya wa sabon layi, kwana biyu sai ga saƙonnin bankin tsohon mai layin suna shigowa. Layi in ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani sake sayar da shi yake yi.

Malamin makaranta: Ni tsire na saya a Zoo Road, na buɗe takardar da aka naɗe shi sai ga kwafin NIN ɗin wata baiwar Allah, hoto da adireshi raɗau. Na ƙona ta.

Ɗalibar shari'a: Akwai doka fa. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ita ce ke karɓar koke. Kana da ikon tambayar kamfani me ya ajiye a kanka, ka sa a gyara ko a goge, ka kuma janye amincewar da ka bayar. Saƙonnin talla kuwa, tura STOP zuwa 2442. Yaya Ɗan Kurna, kar ka goge lambar da ta kira ka, shaida ce.

Ɗan Kurna: Na gode ƙanwata, amma da zafin rai na riga na goge. Bari dai, sun ce za su sake kira bayan la'asar, wannan karon zan naɗi muryar.