Wa ya nuna Ƙudus a fim, wa ya tsaya a bakin shinge?

Nafi'u: Jama'a zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. A fagen fim, Isra'ilawa sun fi Falasɗinawa nuna birnin Ƙudus. Ban ce sun fi su gaskiya ba. Cewa na yi in kana son ganin yadda mutum yake kwana ya tashi a birnin nan, da ɗakinsa da kasuwarsa da rigimarsa da matarsa, fim ɗin Isra'ila za ka nema. Na Falasɗinawa a hanya suke ƙarewa. Ku duba shekarar 2002 kaɗai. A Divine Intervention na Elia Suleiman, saurayi yana Ƙudus, budurwa tana Ramallah, zancensu a cikin mota suke yi a gefen shingen sojoji. A Rana's Wedding na Hany Abu-Assad, a bakin shinge aka ɗaura auren. A Ticket to Jerusalem na Rashid Masharawi, mutum ne yake ta fama da majiginsa yana neman yadda zai shiga birnin ya haska wa yara fim. Finafinai uku a shekara ɗaya, duk shinge ne jarumin. Ina birnin?

Zulai: Yaya Nafi'u, ai ka ba kanka amsa ba ka sani ba. Mutumin Ramallah da ba shi da takardar izini, mene ne Ƙudus a wurinsa in ba wannan shingen ba? Kuma ka tuna wace shekara ce 2002. Tsakiyar intifada ta biyu ce, wato boren Falasɗinawa, lokacin da tankokin yaƙi suka zagaye Arafat a hedkwatarsa. So kake su bar wannan su tafi ɗaukar mai sayar da burodi?

Nafi'u: Eh, so nake. Mai burodin ma ɗan birnin ne.

Zulai: To ai Rana, amaryar fim ɗin Abu-Assad, a cikin birnin ta wayi gari. Mahaifinta zai tafi Masar da ƙarfe huɗu na yamma, ya ce ko ta zaɓi miji cikin jerin sunayen da ya ba ta ko ta bi shi. Tun asuba take bin lunguna tana neman saurayinta Khalil. A hanyar nan ne muka ga ana rushe gida, muka ga kyamarorin tsaro suna kallon kowa. Wannan ba birni ba ne? Ko sai an nuna ƙubba mai ruwan zinare rana tana faɗuwa a bayanta?

Malam Habibu: Nafi'u ɗana, bari in tambaye ka. Wannan "cikin birni" da kake yaba wa Isra'ilawa, cikin wace unguwa ce? Na san finafinan da ke ranka. Kadosh na Amos Gitai, 1999, labarin unguwar Mea Shearim, inda malami ya tilasta wa mutum ya saki matarsa bayan shekara goma ba haihuwa. Ushpizin, 2004, wani matalauci mai tsoron Allah mai suna Moshe da matarsa, baƙi biyu da suka gudo daga kurkuku suka sauka musu lokacin idin bukkoki na Yahudawa. Finafinai ne masu kyau, ban musa ba, na biyun ma har ya ba ni tausayi. Amma rigimar da ke cikinsu ta Bayahude ce da Bayahude, mai addini da wanda ya sake. Alhali kusan kashi 40 cikin 100 na mazauna Ƙudus Falasɗinawa ne, kuma mafi yawansu ba 'yan ƙasa ba ne a takarda, izinin zama kawai suke riƙe da shi, wanda ana iya ƙwacewa. Fim ɗin da zai shige ka ɗakin kwanan rabin gari ya bar ɗaya rabin kamar babu shi, ba zan ce ya nuna garin ba.

Ɗanjuma mai kyamara: Af, Malam, tunda ka ambaci Ushpizin: jarumin, Shuli Rand, cewa ya yi ba zai fito da wata mace a matsayin matarsa ba, sai aka sa matarsa ta gaske. Kuma aka yi sharaɗin ba za a haska shi ranar Asabar ba. Da a Kano ne da hukumar tace finafinai ta ba shi lambar yabo.

Abba: Ni fa ban gane wannan dogon turancin ba. Duk fim ɗin da ya fito daga Isra'ila farfaganda ce, shi ke nan. Mu zauna muna auna wanne ya fi kyau, mutane suna mutuwa?

Ɗanjuma mai kyamara: Abba ƙanena, a hankali. Wanda ya yi Kadosh ɗin nan, a 1980 ya yi wani fim na gaskiya mai suna Bayit. Gida ɗaya tak ya bi a Yammacin Ƙudus. Gidan na wani likita Bafalasɗine ne, Mahmoud Dajani, wanda ya bar shi a yaƙin 1948. Gwamnati ta karɓe shi a matsayin dukiyar wanda ba ya nan, ta ba wasu Yahudawa da suka zo daga Aljeriya haya, daga baya wani farfesa ya saya yana ɗora masa bene. Su wa ke sassaƙa duwatsun ginin? Leburori Falasɗinawa daga Gaɓar Yamma. Gitai ya sa kowa a gaban kyamara, har da iyalan masu gidan na asali. Gidan talabijin na Isra'ila ne ya ba shi aikin, da suka ga abin da ya kawo sai suka ƙi sakawa. Ya sake komawa gidan a 1998, ya kuma komawa bayan wasu shekaru. In wannan farfaganda ce, to ta wa ce?

Abba: Mutum ɗaya ne.

Ɗanjuma mai kyamara: Ga na biyu. Joseph Cedar, Time of Favor, 2000. Ɗalibin makarantar addini ta 'yan kama-wuri-zauna ne ya shirya bi ta ramukan ƙarƙashin ƙasa ya tarwatsa masallacin Ƙudus. Kuma ba ƙage ba ne daga sama, a 1984 an kama wata ƙungiyar Yahudawa ta ɓoye da ta tsara tarwatsa Ƙubbatus Sakhra, ƙubbar nan mai ruwan zinare. Fim ɗin shi ya ci kyautar Ophir ta gwarzon fim a ƙasarsu.

Malam Habibu: Na yarda da kai a kan Bayit, Ɗanjuma, amma ban yarda a kan na Cedar ba. Tsoron da ke cikin fim ɗin nan tsoro ne na me 'ya'yanmu za su jawo mana. Malamin Bayahude, sojan Bayahude, yarinyar da ake rigima a kanta 'yar malamin ce. Masallacin abin da za a fasa ne kawai, ba wurin da wani yake sa goshinsa a ƙasa ba. Shi kuwa Suleiman, da ya saki jan balan-balan mai hoton Arafat ya tsallake shingen sojoji suna ta shawarar ko su harbe shi, a kan ƙubbar nan ya kai shi. Ɗaya ta ƙarƙashi ya je mata da bam, ɗaya ta sama ya aika mata da iska. Ka ga duk su biyun ba su shiga ta ƙofa ba.

Anti Ladi: Ku ba ni wuri ni ma. Na je ziyara Ƙudus, kuma na lura duk lokacin da aka yi wannan muhawarar sai a mai da ita ta mutum biyu. Shi Suleiman ɗin da kuke ta ambato, daga gidan Kiristocin Nazarat ya fito. Akwai kuma wani fim na Ra'anan Alexandrowicz, James' Journey to Jerusalem, 2003. Saurayi ne Kirista daga Afirka, ƙauyensu suka tura shi ziyara, yana sauka filin jirgi aka tsare shi a matsayin mai neman aiki, wani ɗan kwangila ya yi belinsa ya sa shi sharar gidaje. Wannan ya fi taɓa ni, don na ga yadda ake yi wa baƙar fata tambayoyi a filin jirgi. Abu na biyu, Abba, in za a yi adalci su ma suna da nasu tabon. A watan Mayun 1948 unguwar Yahudawa ta tsohon birni ta faɗa hannun sojojin Jodan, aka fitar da mazaunanta, kuma shekara 19 ba su samu zuwa bangon da suke addu'a ba. Fim ɗinsu na 1955, Hill 24 Doesn't Answer, akwai wannan faɗuwar a ciki. A lokacin su ne masu leƙen birnin daga waje.

Abba: Anti, da girmamawa, da suka shiga a 1967 me suka yi? Cikin 'yan kwanaki suka rushe Unguwar Magaribawa gaba ɗaya don su yi filin da kika tsaya a kai a gaban bangon. Wa ya gaya miki akwai gidaje a wurin lokacin da kika je?

Anti Ladi: Mai yi mana jagora bai faɗa ba. Amma wannan bai goge na 1948 ba.

Ɗanjuma mai kyamara: Ni a matsayina na mai sana'ar, abin da ba ku taɓo ba shi ne kuɗi da izini. Wanda bai taɓa neman lokeshan ba gani yake darakta zaɓar wuri yake yi yadda ya ga dama. Isra'ila tana da asusun tallafa wa finafinan da aka ɗauka a Ƙudus tun 2008, tana da bikin finafinai na birnin tun 1984, ga makarantar koyon fim ta Sam Spiegel. A Gabashin Ƙudus kuwa, silimar Al-Quds an rufe ta a 1987 da intifada ta farko, sai 2012 aka sake buɗe ta a cibiyar Yabous. Kuma ku lura, Suleiman da Abu-Assad duk haifaffun Nazarat ne, suna da takardar zama 'yan Isra'ila, shi ya sa ƙafarsu take kaiwa inda ta ɗan Gaza ba ta kaiwa. In kuma ka karɓi kuɗin gwamnati akwai igiya a jiki. Suha Arraf ta yi Villa Touma a 2014 da tallafin Isra'ila, ta kai shi bikin finafinai na Venice ta rubuta cewa fim ɗin Falasɗinu ne, nan take hukumomi suka ce ta dawo da kuɗin.

Zulai: Kuma Yaya Nafi'u ya tsaya a 2002 kamar ba a sake yin fim ba. Muayad Alayan mazaunin Ƙudus ne. The Reports on Sarah and Saleem, 2018: Sarah tana da shagon shayi a yamma, mijinta hafsan soja ne, Saleem direba ne mai kai mata burodi daga gidan burodi, matarsa Bisan tana da ciki. Suna cin amanar aurensu a bayan motar aiki. Ga mai burodinka, ga ɗakin kwana, ga bashi, ga suruki. Me ya rage?

Nafi'u: Madalla. To ina labarin ya kai su? Ɗakin tambayoyi na jami'an tsaro. Abin kunya na ma'aurata ya koma shari'ar tsaron ƙasa, har aka fara ɗaukar Saleem gwarzo a unguwarsu. Kin ga ko da Bafalasɗine ya shiga ɗaki, shingen biyo shi yake yi.

Zulai: Wannan ai maganata ce kake maimaitawa! Da farko cewa ka yi ba sa nuna birnin. Yanzu kana cewa sun nuna, amma ba ka son abin da ke ciki.

Nafi'u: Ina nan kan bakata. Moshe na Ushpizin yana da damar ya zama talaka mai neman haihuwa kawai. Saleem ba shi da damar ya zama mazinaci kawai. A matsayina na mai kallo, na fi sanin Moshe.

Malam Habibu: Wannan ba gazawar darakta ba ce, Nafi'u, hukuncin da aka yi wa Saleem ne. Ni in da za a tambaye ni labarin da nake so a kashe wa kuɗi, na unguwar 'yan Afirka ne da ke bakin Babul Majlis, dab da Al-Aƙsa. Kakanninsu daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal suka je, da yawa bayan aikin Hajji, suka zauna a tsofaffin masaukan baƙi guda biyu na zamanin daular Mamluk waɗanda Turkawa suka taɓa mayarwa kurkuku. Fatima Barnawi, wadda aka ɗaure saboda dasa bam a wata silima a Yammacin Ƙudus a 1967, mahaifinta ɗan Najeriya ne.

Ɗanjuma mai kyamara: To ga tambaya ga Nafi'u da Abba duka. Our Boys, mai dogon zango na HBO, 2019, kan kisan yaron nan Mohammed Abu Khdeir na Shu'afat da aka ƙona a 2014. Hagai Levi da Cedar suka yi shi tare da Tawfik Abu Wael, Bafalasɗine. An shiga gidan iyayen yaron, an shiga gidan makasan. Netanyahu ya kira shi ƙiyayyar Yahudawa, ya ce a ƙaurace wa tashar da ke bayansa. A layin wa za ku sa shi?

Abba: A layin wanda ya biya kuɗin.

Nafi'u: Wannan ba fim ba ne, shirin talabijin ne. Ba ya cikin lissafina.

Zulai: Dama na san za ka ce haka.